Yadda zaka zaɓi sifikar kwamfonen ka ɗaura a motarka ba tare da ka yi asarar kuɗi ba

Yawancin motocin da muke hawa a nan Gombe 'yan Kwatano ne, Corolla da Camry da Accord da 406, wasu sun haura shekara 15 wasu ma 20, kuma sifikun da ke ƙofofinsu tun na kamfani ne ba'a taɓa canza su ba. Soson da ke zagaye da bakin sifikar ya riga ya ruɓe, ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40 a waje balle cikin motar da aka rufe a rana, ga ƙurar hunturu, ga ruwan Agusta da ke bi ta gefen gilashi ya sauka cikin ƙofa. Shi yasa zakaji da ka ɗan ƙara murya sai ƙofa ta fara ɓarr ɓarr, mai magana a rediyo kamar yana magana ta cikin hanci. To abin da mutane keyi shine su tafi shago su ce a basu wadda tafi wat yawa a jikin kwali, a ɗaura, bayan sati biyu su dawo suna ƙorafi. Ni abin da nake so ka riƙe tun daga farko shine lambar jikin kwali ba itace ke bada sauti ba, dacewar sifikar da abin da ke tura ta da kuma yadda aka ɗaura ta a ƙofa sune komai.

Bari mu fara da bambancin. Sifikar da aka fi sani a kasuwa itace ta haɗe, wato ƙaramar sifikar siririn sauti da ake kira tuwita tana zaune a tsakiyar babbar, duk a jiki ɗaya. Ita kuwa kwamfonen idan ka buɗe kwalin zaka tarar da abu shida, manyan sifiku biyu na ƙofa, tuwita biyu daban, sai ƙananan akwatuna biyu da ake kira kurosoba. Aikin kurosoba shine raba sauti, mai kauri da matsakaici ta tura wa babbar, siririn sauti daga wajen Hz 3,000 zuwa sama ta tura wa tuwita. Amfanin rabawar a fili yake, siririn sauti a miƙe yake tafiya baya zagaye, idan tuwita tana can ƙasan ƙofa to ƙafarka da wandonka take yi wa kiɗa, amma idan aka ɗago ta kusa da madubin gefe ko kan dashbod sai kaji muryar mai waƙa ko mai karatu ta taso gabanka daidai fuska. Wanda yake yawan sauraren karatun Alƙur'ani ko wa'azi ko labarai a hanyar Bauchi shi zai fi kowa jin bambancin nan, don haruffa suna fita tsaf.

Kafin kaje kasuwa

Mataki na farko ba saye bane, buɗe ƙofa ne. Kaje wajen mai rewaya ya cire maka murfin ƙofar gaba guda ɗaya ku duba da idonku. Abu uku zaku auna, faɗin ramin, zurfinsa, da yadda aka kafe tsohuwar. Girman da yafi yawa shine inci 6.5, wasu ƙananan motoci inci 5.25, Accord ta 2003 zuwa 2007 inci 6.5 ne a ƙofar gaba, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma mai siffar ƙwai ce 6x9 a ƙofar gaba, wadda idan zaka sa mata 6.5 sai an yi mata zoben da sifikar zata zauna a kai. Zurfin nan shi mutane suka fi mantawa. Ka sauke gilashi har ƙasa sannan a zura ruler ko tef a auna daga bakin ƙarfen ƙofa zuwa gilashin, saboda sababbin sifiku maganaɗisunsu yafi na kamfani girma, idan yayi tsawo gilashi zai dinga bugunsa duk lokacin da ka sauke. Ka rubuta lambar a wayarka ka rage kamar milimita 5 don samun sarari. Toyota da yawa ba da sukuru suka ɗaure sifika ba, ribit ne, sai an huda shi da diril, don haka ka tabbata mai aikin yana da diril kar ya kama ƙofarka da guduma da kurfi.

A lokacin kuma ka duba ko motar tana da tuwita ta kamfani, a kusurwar madubi ko a saman dashbod. In akwai to ka huta, wurin zama ya samu. Ka duba kuma ko akwai tambarin JBL ko Bose a jikin ragar sifika ko rediyon, don irin waɗannan suna da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta kamfani a ɓoye kuma sifikunsu sau da yawa basu kai om 4 ba (om shine ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), aikinsu daban ne, kar a taɓa su sai da wanda ya san su.

Mataki na biyu ka san me zai tura sifikar, kuma nan ne nake so mu daɗe. Rediyon mota da aka rubuta 50W x 4 a fuskarsa, wannan lambar ta ƙololuwa ce ta ɗan ƙiftawar ido, ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai wanda ake rubutawa RMS baya wuce wat 15 zuwa 22 a kowace sifika. Rediyon kamfani ma wani lokacin bai kai haka ba, haka yawancin manyan sikirin na Android ɗin nan da ake yayi, allo ne babba amma abin tura sautin ciki ƙarami ne. Haka ita ma sifikar, kwali zai ce 300W ko 600W da manyan haruffa, ka juya bayansa ka nemi inda aka sa RMS da ƙananan haruffa zakaga 40 ko 60 ko 80. Da RMS kaɗai zakayi lissafi. Idan kwali bashi da RMS ko kaɗan, ni dai ajiye shi nakeyi.

To ga hanya biyu. In baka da niyyar sa amfilifaya yanzu, nemi kwamfonen mai RMS tsakanin 30 zuwa 60 mai saurin amsawa, wato lambar dB ɗinta ta kai 90 ko sama. Wannan lambar tana nuna yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da ƙaramin ƙarfi, kuma duk ƙarin dB 3 daidai yake da ninka wat sau biyu, kaga sifika mai 91 da wat 20 zata yi ƙarar da mai 88 sai ta samu wat 40 zata yi. Akwai ɗan abin lura a nan, wasu kamfanoni suna aunawa da 1W wasu da 2.83V, a sifika mai om 4 awon 2.83V yana ƙara dB 3 a kan ɗayan, saboda haka in zaka kwatanta kwali biyu ka tabbata awonsu iri ɗaya ne. In kuma kana da niyyar amfilifaya, to ka nemi wadda RMS ɗinta a kowace tasha, wato kowace mafitar sifika ɗaya, a om 4 yayi daidai da na sifikar ko ya ɗan ɗara, misali sifika mai 70 amfilifaya mai 75 ko 80. Babban kuskuren da nake gani shine mutum ya sayi sifika mai tsada mai RMS 100 ya jona ta a rediyo kawai, sai taƙi tashi, sai ya dinga murɗa murya har ƙarshe, rediyon ya gaza ya fara fitar da gurɓataccen sauti, wannan gurɓataccen sautin kuma shine yake ƙona tuwita. Mutum yana ganin ƙarfi ne yayi yawa alhali tilasta wa rediyon akayi.

Maganar om gajeriya ce, om 4 shine na kowa, rediyonka an yi shi don haka. Akwai wasu JBL da Infinity masu om 3 ko ƙasa da haka, suna jan ƙarfi kaɗan fiye, yawanci suna tafiya lafiya amma ka duba takardar rediyon. Abin da bazaka yarda dashi ba shine a haɗa sifiku biyu a waya ɗaya, om ya faɗo 2, rediyo ya dinga zafi yana ɗaukewa.

Kayan da aka yi ta dasu, saboda yanayinmu

Nan ra'ayina a tsaye yake. Bakin sifika na roba zaka saya ba na soso ba, soso baya jure zafinmu. Farantin kuma na folifirofilin, wato irin robar nan mai sheƙi, yafi jure danshi da ƙura akan na takarda zalla, duk da cewa takarda da aka yi wa rufi tana da daɗin murya sosai kuma manyan kamfanoni suna amfani da ita. Tuwita iri biyu ce a takaice, mai laushi ta siliki da mai tauri ta alminiyom ko taitaniyom. Ta ƙarfe tana da kaifi, tana huda ƙarar hanya idan gilashi a sauke yake, amma a doguwar tafiya kamar Gombe zuwa Yola tana gajiyar da kunne musamman da waƙoƙinmu na zamani da dama da aka riga aka cika musu siririn sauti tun daga situdiyo. Ni siliki nake ba mutane shawara, musamman in tuwitar zata zauna kusa da gilashin gaba inda sauti ke bugawa ya dawo.

Sunayen da zaka fi gani sune Pioneer, Kenwood, Sony, JBL, Alpine, sai masu tsada irin Focal ta Faransa da Hertz ta Italiya waɗanda yawanci sai dai a yo maka odarsu daga Legas ko Abuja. Kowane suna cikin waɗannan ana buga jabunsa, don haka kar tambari ya ruɗe ka. Ka ɗauki sifikar a hannu kaji nauyinta, ka duba ko maganaɗisun na gaske ne ko an rufa masa ƙatuwar roba ne don yayi girma, ka duba gam ɗin gefen faranti ko ya zuba ko'ina, ka danna farantin a hankali da yatsu a kewayen tsakiya, ya shiga ya fito sumul ba tare da kaji yana gogar wani abu ba. Sannan ka buɗe murfin kurosoba, ta gaske zakaga naɗin waya na jan ƙarfe da kafasito da resisto, ta jabu ɗan kafasito ɗaya ne tal a cikin ƙaton akwati. Lambar samfurin da ke kwalin ka buga ta a intanet ka gani ko kamfanin yana da ita ma. Kuma ka ce wa mai shago, Alhaji a gwada min kafin in biya, in yaƙi to ka gode masa ka wuce gaba. Na hannu 'yan Beljiyam ma ana dacewa dasu, sau da yawa sun fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, sai dai ka tabbata saitin ya cika da kurosobarsa ta asali don kowace kurosoba da tuwitarta aka lissafa ta.

Kuɗinka kuma a gaba zaka zuba su. Na baya in basu fashe ba barsu, in sun fashe sa musu ta haɗe mai sauƙi. Kuma kar ka kashe duka a kan sifika, ware kamar kashi ɗaya cikin uku na waya da zobe da abin kashe karkarwar ƙofa da kuɗin aiki.

Ranar ɗaurawa

Kaje da safe ka zauna a wajen, kar ka bar mota ka tafi. A fara cire kan batir na negetif, amma in Honda ce mai rediyon kamfani ka tabbata kana da lambar sirrin rediyon don wasu suna kullewa idan wuta ta ɗauke. A cire murfin ƙofa da abin ɓanɓara na roba ba sukudireba ba, ƙananan maɓallan robar nan da suke riƙe murfin suna karyewa, ka sayi wasu ka riƙe tun kafin a fara. Ledar da ke manne a bayan murfin itace ke hana ruwa shiga, a ɗaga ta a hankali kuma a mayar da ita, yara da yawa a gareji yage ta sukeyi su yar, ka ce musu a'a.

Daga nan sai zobe. Sifika dole ta zauna daram a kan abu mai ƙarfi ba tare da iska tana zurarewa ta gefenta ba, saboda farantin yana tura iska gaba da baya a lokaci ɗaya, in ta baya ta samu hanya ta zagayo gaba sai su cinye juna bes ya ɓace. Kamar ganga ce da fatarta ta saki, duk ƙarfin makaɗi ba zata yi amo ba. Zoben roba mai kauri yafi, in katako za'a yanka a wajen kafinta to ya zama falawud mai kyau a shafe shi da fenti ko banish ciki da waje, kar a sa katakon garin nan na MDF tsirara don damina ɗaya zai kumbura ya ruguje. A sa siririn soso mai gam tsakanin zobe da ƙarfe, da tsakanin sifika da zobe, a ɗaure sukuru huɗu a gicciye kaɗan kaɗan don kar bakin ya lanƙwashe. Na sha ganin sifika mai kyau an rataye ta da sukuru biyu da waya, wlh abin yana min ciwo.

Kafin a kafe ta a manna abin kashe karkarwa a ƙarfen waje na ƙofar, daidai bayan inda maganaɗisu zai zauna, da kewayen ramin. Ba sai an rufe ƙofar duka ba, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na faɗin ƙarfen ya isa ka ji canji, ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa kafin da bayan zakaji ta daina amon gwangwani. Na robar butil zaka nema. Wasu suna sa filashban ɗin da ake toshe yoyon kwano dashi don yafi araha, amma mai kwalta ne, a zafin Afrilu zai narke ya zame ya cika mota da wari har ya iya bin hanyar gilashi. A goge ƙurar ƙarfen tas da tsumma da sifirit kafin a manna, a danne shi sosai.

Wayoyi yanzu. Wayar da ta fito daga rediyo ko amfilifaya tana shiga kurosoba a inda aka rubuta IN, daga nan biyu su tafi babbar sifika biyu su tafi tuwita, kar a taɓa jona tuwita kai tsaye ba kurosoba ko na minti ɗaya ne da sunan gwaji. In rediyo kaɗai ne wayar kamfani ta isa, in da amfilifaya a ja sabuwa mai kauri lamba 16 ta jan ƙarfe zalla, don akwai ta alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ka kankare bakinta da reza in kaga fari a ciki to itace. Haɗin waya a yi shi da dalma ko kan matsewa, murɗawa da salatif baya daɗewa a zafi. A wasu Toyota wayar sifikar ƙofa ta cikin soket ɗin tuwitar kamfani take bi, da an zare tuwitar sai ƙofa tayi shiru, mai aiki ya fara cewa sifikar ce bata da kyau alhali haɗa wayoyin soket ɗin kawai za'a yi. Ita kurosoba a ɓoye ta inda ruwa baya zuwa, ƙarƙashin dashbod ko gefen ƙafa ko busasshen ɓangaren murfin ƙofa, a ɗaure ta kar ta dinga ƙwanƙwasa.

Fositif da negetif kar a juya su. In an rasa gane wayar, ɗauki ƙaramin batir na 1.5V irin na rimot ka taɓa a wayoyin babbar sifikar na ɗan lokaci, in farantin ya turo waje to wayar da ke ɓangaren fositif na batir ɗin itace fositif. A babbar kaɗai ake wannan, banda tuwita.

Wurin tuwita kuwa kar ayi gaggawar huda. A manna su da gam mai fuska biyu tukuna, ka zauna a kujerarka ka saurara, a gwada kusurwar madubi a gwada gefen dashbod, duka biyun su zama tsayi ɗaya kuma kar suyi nisa sosai da babbar. Ni nafi son kowace ta kalli wajen kujerar ɗaya ɓangaren maimakon ta harbo kunnen da ke kusa da ita. In motarka tana da jakar iska a ginshiƙin gilashin gaba, zakaga an rubuta SRS ko AIRBAG a wajen, kar a huda nan kuma kar a bi da waya ta gabanta.

Wanda zai sa amfilifaya, wayar wuta lamba 8 ga ƙarama lamba 4 ga babba, da fiyus a kusa da batir kar ya wuce santimita 45 daga kansa. Wannan fiyus ɗin ba ado bane, shine tsakaninka da gobara idan wayar ta goge da ƙarfe. Wayar at, wato ta negetif da ake ɗaurawa a jikin mota, ta zama gajeriya a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa, wayar sigina kuma ta bi ɗaya gefen motar daban da ta wuta don kar kaji kukan altaneta yana bin totur.

Kafin a mayar da murfin ƙofa a mayar da batir, a ɗaga gilashi a sauke har ƙasa ana saurare, a gwada loka da hannun buɗewa. Sai gwajin sauti, ka kai balans, wato saitin hagu da dama, hagu duka, ka kai dama duka, ka dawo tsakiya. Bes ya kamata yafi ƙarfi a tsakiya, in kaji ya ragu a tsakiya ya ƙaru a gefe ɗaya to an juya wayar ɗaya daga ciki.

Saiti

Ka mayar da bes da tirebul sifili, ka kashe loudness da duk wani abin ƙara bes. In rediyonka ko amfilifaya tana da HPF, wato saitin da ke tare bes mai zurfi, sa shi a Hz 80, wannan yana hana sifikar inci 6.5 wahalar da kanta da bes mai zurfin da ba zata iya ba, kuma zakaji ta ƙara tsabta har ka iya ƙara murya fiye da da. Gen na amfilifaya, wato abin daidaita ta da siginar rediyo, ba maɓallin murya bane, ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, gen yana ƙasa, ka dinga ɗagawa a hankali har kaji sautin ya fara ƙazanta sai ka dawo baya kaɗan ka barshi nan. In tuwita tayi kaifi, yawancin kurosoba suna da wajen zaɓi 0 da -3dB, mayar da ita -3, a motocinmu da tuwita ke kusa da gilashi sau da yawa nan ne daidai. Feda kuma, wato saitin gaba da baya, ka ɗan karkato shi gaba don kar na baya su janye muryar.

Da abin da ka saba ji zaka gwada, muryar mai karatu ɗaya da ka san ta sosai da kuma kiɗa mai kalangu ko ganga, in muryar ta tsaya a tsakiyar dashbod kuma bugun gangar ya fito a dunƙule ba ƙofa tana rawa ba to aiki yayi. Sai dai fa sabuwar sifika bata ɓoye aibin fayil, waƙoƙin da ake turawa a memori a kasuwa da yawansu lambar ingancin fayil ɗinsu 128kbps ne ko ƙasa, wasu ma daga bidiyo aka ciro su, tsohuwar sifika ta rufa musu asiri sabuwa kuma zata fito da shashshakar su. Nemi 320kbps, kuma ka jona ta USB ko AUX ko Bluetooth na rediyon kansa, ɗan abin nan da ake sokawa a wajen laita yana watsawa ta FM shine mafi rauni a duka.

In bayan duk wannan kana jin bes bai kai maka ba, kar ka murɗa wa sifikun ƙofa, aikin sabufa ne, wato sifikar bes zalla, ƙarama mai inci 8 ko 10 ta ƙarƙashin kujera ko ta but, a yanke ta a Hz 80 ita ma ta ɗauka daga inda na ƙofa suka tsaya. Bayan damina ta farko kuma a sake buɗe ƙofa ɗaya a duba zoben da sukuru ko sun saki, a kuma zura waya a buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa inda ruwa ke fita, don ƙurar hunturu tana toshe su ruwa ya taru a ciki.